Lambar Yabon 'Yan Jarida a Kan Sabon Iri: Tukuici Ko Toshiyar Baki?

Tun daga shekarar 2017 ake gudanar da wata gasa ta shekara-shekara a tsakanin 'yan jaridun Nijeriya da na waɗansu ƙasashen Afirka, wadda a cikinta ake zaɓen waɗanda suka fi gwaninta wajen ba da labarin fasahar nan ta sarrafa ƙwayoyin halittar iri, watau abin da jama'a suka fi sani da GMO, a ba su lambar yabo da kyauta, na jarida daban, na rediyo daban, na talabijin daban, sa'an nan waɗanda suka yi fice a ƙasarsu su je su kara da takwarorinsu na sauran nahiyar. Mai shirya gasar ita ce OFAB, majalisar tattaunawa wadda gidauniyar AATF mai mazauni a Nairobi ta kafa a 2006, aka buɗe reshenta na Nijeriya a 2009 a ƙarƙashin hukumar tarayya mai kula da bunƙasa wannan fasaha, da tallafin gidauniyar Bill da Melinda Gates. A kan wannan gasa ne ra'ayin masu hankali ya rabu biyu, kuma a kowane ɓangare akwai malamai da ma'aikatan jarida da manoma waɗanda ba a tuhumar niyyarsu, waɗansu suna ganin ladan aiki ne da ya daɗe da cancanta, waɗansu kuwa suna ganin toshiyar baki ce da aka sa wa rigar girma.

Dalilin da ya sa na zaɓi in auna wannan mas'ala da ma'aunin ƙasar Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, alhali kuwa a Abuja ake bikin ba da kyautar, shi ne amfanin gona uku na farko da hukuma ta yarda a noma sarrafaffen irinsu a Nijeriya su ne ainihin abin da mutumin kudancin Katsina ke ci, yake sayarwa, yake aurar da 'ya'yansa da shi. A 2018 aka fito da auduga iri biyu masu jure wa tsutsar da ke ɓata ƙwallonta. A ƙarshen 2019 aka fito da waken SAMPEA 20-T, wanda Farfesa Mohammad Ishiyaku ya jagoranci aikinsa. A watan Janairu na 2024 kuma aka saki masarar TELA iri huɗu. Dukansu ta Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, suka biyo. Saboda haka duk abin da ɗan jarida ya rubuta a kan waɗannan iri, gaskiya ne ko ƙari, a gonakin Daudawa da 'Yankara da kasuwannin Sheme da Ɗandume ne za a girbe sakamakonsa.

Masu goyon bayan gasar sukan fara da bayyana halin da ake ciki kafin zuwanta. Suka ce labarin kimiyya shi ne marayan ɗakin labarai a wannan ƙasa, domin yana bukatar karatu da haƙuri da tafiya, kuma ba ya kawo wa gidan jarida talla, ba ya jawo wa wakili sanayyar gwamna ko kwamishina, ta yadda duk yaro mai kaifin basira da ya shiga aikin jarida sai ka ga ya karkata ga siyasa ko wasanni. Giɓin da wannan sakaci ya bari kuwa, jita-jita ce ta cike shi, har ya zama a majalisu da saƙonnin WhatsApp ana cewa sabon iri yana hana haihuwa, ko yana kashe ƙasa har abada, ko an yi shi ne don a rage yawan al'umma. Suka tunatar da mu cewa irin wannan zance ne ya tsayar da rigakafin shan inna a Kano a 2003, cutar ta sake bazuwa, yara suka nakasa, aka yi shekaru ana gyaran ɓarnar. Ga shi kuwa a 2016 manyan majalisun masana kimiyya na Amurka, bayan sun tattara ɗaruruwan bincike, sun bayyana cewa ba su sami tabbataccen dalili da ke nuna abincin da aka samu daga sarrafaffen iri ya fi na sauran iri haɗari ga lafiyar ɗan Adam ba. Idan har akwai irin wannan bayani, in ji su, amma bai isa kunnen manomi ba saboda babu mai isar da shi, to wanda ya sa lada don a isar ya yi aikin maslaha, kuma Alƙur'ani mai girma ya hore mu da bin diddigin labari kafin aiki da shi, bin diddigi kuwa ba ya yiwuwa sai da masu sanin abin da suke bincika.

Suka ƙara da misalin wake, wanda shi ne mafi ƙarfin hujjojinsu. Duk wanda ya taɓa noma wake ya san tsutsar da ke shiga furensa da kwansonsa, wadda a shekarar da ta yi tsanani takan lashe har kashi 80 cikin 100 na amfani, ya kuma san yadda manomi ke goya famfon feshi sau shida ko takwas kafin kaka, sau da yawa ba safar hannu ba abin rufe hanci, maganin na zuba a bayansa, yana shaƙarsa, yana wanke famfon a rafin da dabbobi ke sha. Sabon waken an sa masa wata ƙwayar halitta da aka samo daga wata bakteriya ta cikin ƙasa, wadda ke sa tsiron ya samar da sinadarin da ke kashe wannan tsutsa, har masu binciken suka ce feshi biyu ya wadatar. Magoya baya suka ce, ashe ɗan jaridar da ya ɓata kwanaki a Samaru ya fahimci wannan al'amari, ya zo ya warware shi da harshen da mai sauraro zai gane, bai cancanci a yaba masa ba? Kuma idan gwamnati ba ta yaba ba, masu gidajen jarida ba su yaba ba, mene ne laifin wanda ya yaba?

Masu suka suka ce ba su musanta ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, ba su kuma ce kada a yaba wa ɗan jarida ba. Abin da suke dubawa shi ne hannun da ke miƙa kyautar. Gidauniyar AATF, wadda ta haifi OFAB, ita ce kuma abokiyar aikin Samaru wajen samar da waken SAMPEA 20-T da masarar TELA, ita ta shiga tsakani aka samo ƙwayar halittar daga kamfanin Monsanto, wanda Bayer ta saye daga baya. Watau mai hajar shi ne mai ba da kyautar ga wanda ya fi iya bayanin hajar. A nan suka kawo ƙa'idar da malaman fiƙihu suka kafa a babin shaida, cewa ba a karɓar shaidar mutum a kan abin da zai jawo wa kansa amfani da shi, ko da kuwa adali ne da ba a taɓa jin ƙarya daga bakinsa ba, saboda tuhuma kaɗai ta isa ta raunana maganarsa. Suka kuma ambaci ƙissar ma'aikacin zakka wanda ya dawo wurin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ware wani abu ya ce kyauta aka yi masa, aka yi masa inkari a kan mumbari, aka nuna masa cewa matsayin da aka ɗora shi ne ya jawo kyautar. Ɗan jarida ma, in ji su, amanar mai sauraro ce a wuyansa, kuma don wannan amanar ake neman sa. Da ba ya riƙe da alƙalami da makirufo, da babu mai kiransa otal a Abuja. Hausawa kuma sun riga sun ce kowa ya ci ladan kuturu ya yi masa aski.

Game da shan inna da magoya baya suka kawo, masu suka suka juya hujjar a kansu. Suka ce shakkar da mutanen Kano suka nuna a 2003 tana da asali, domin a 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano, cikin yara kimanin 200 da aka sa a gwajin 11 suka rasu, kuma duniya ba ta san cikakken labarin ba sai da jaridar Washington Post ta tono shi a ƙarshen shekarar 2000. Wannan shi ne aikin jarida na kimiyya a mafi girman darajarsa, kuma babu wata gasa da masu magani za su ɗauki nauyinta da za ta haifar da shi. Abin da ke gina amincewar jama'a, in ji su, shi ne su san akwai wanda zai faɗa musu idan abu ya ɓaci; idan kuwa suka lura duk masu ba su labarin sabon iri sun sha ruwan masu irin, to ko gaskiyar da aka faɗa musu sai ta koma abin zargi.

Magoya baya ba su bar wannan ba amsa. Da farko suka ce ƙiyasin da aka yi da ma'aikacin zakka ƙiyasi ne da ke da bambanci, domin shi wancan an ba shi ne a kan aikin da baitulmali ke biyansa, ita kuwa gasa a bainar jama'a ake shelanta ta, da sharuɗɗa sanannu da alƙalai, kuma bayan an gama aiki ake ba da ladan. Wannan ya fi kama da ji'ala, wadda shari'a ta halatta, inda mutum zai sa lada ga duk wanda ya aikata wani aiki ayyananne. Suka ce idan ana neman ɓarnar aikin jarida a Nijeriya, to a dubi ambulan da ake raba wa wakilai bayan taron manema labarai da sunan kuɗin mota, wadda kowa ya san da ita, ba alƙali ba sharaɗi. Gasa kuwa ko ba komai tana tilasta wa mutum ya yi karatu, ya je gona, ya yi hira da masani, ya tsara aikinsa yadda zai tsaya gaban masu tantancewa.

Sa'an nan suka koma ga tarihinmu. Suka ce ƙagaggun labaran Hausa na boko da muke alfahari da su gasa ce ta haife su: a 1933 Rupert East na Hukumar Fassara ta Zariya ya zagaya yana neman malamai su rubuta, aka sami Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda a lokacin yake koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Mai shirya waccan gasa ma'aikacin gwamnatin mulkin mallaka ne, yana da tasa manufa, amma duk da haka abin da ya fito ya zama namu, kuma shi Imam ɗin da gasar ta fito da shi, shi ne ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, ya yi ta gaya wa Turawa da sarakuna abin da ba su so ji ba. Ashe, in ji su, wanda aka horar yau da kuɗin masu iri, shi ne gobe zai iya gane kuskurensu, saboda ya san yadda ake karanta sakamakon gwaji. Suka rufe da cewa ɓangaren masu adawa ma ba da aljihunsu suke yaƙi ba: ƙungiyar HOMEF ta Nnimmo Bassey da ire-irenta su ma suna tara 'yan jarida bita, suna samun tallafi daga waje, ba a kuwa ce duk wanda ya halarta an saye shi ba.

A nan ne masu suka suka bar maganar niyya suka koma ga aikin kansa, kuma a ganina nan ne muhawarar ta fi nauyi. Suka ce ba su damu da a kama ɗan jarida da ƙarya ba, domin galibi ba ya yin ta. Abin da gasa ke koya wa mutum a hankali, ba tare da an furta masa ba, shi ne sanin abin da zai tsallake. Suka kawo Burkina Faso, wadda ta rungumi sarrafaffiyar auduga a 2008, aka yi ta kafa misali da ita a duk Afirka, sa'an nan a 2016 ta yi watsi da ita, saboda zarenta ya gajarce, darajarta ta faɗi a kasuwar duniya, har kamfanonin audugar ƙasar suka nemi Monsanto ta biya su diyyar sama da sefa biliyan 48. Tsutsa kam ta mutu kamar yadda aka alkawarta, amma abin da mai saye ke biya dominsa ya lalace. Manomin Faskari da ake kwaɗaita wa sabuwar angurya yana da haƙƙin ya ji wannan labari, ya kuma ji cewa a Indiya tsutsar auduga ta saba da sinadarin bayan 'yan shekaru har ta daina mutuwa, kamar yadda tsutsar karan masara ta yi a Afirka ta Kudu, ya kuma san dalilin da ya sa masana ke cewa a riƙa barin wani yanki na gona da irin da ba a sarrafa ba don jinkirta wannan sabo.

Haka nan suka nuna yadda ake cakuɗa hujjoji. Sau da yawa idan ana yabon sabon wake sai a ambaci haramcin da Tarayyar Turai ta sa wa busasshen waken Nijeriya a 2015 saboda yawan maganin ƙwari a jikinsa, a bar mai karatu ya ɗauka sabon iri zai warware wannan. Alhali kuwa maganin da aka samu, wanda ake kira fiya-fiya a kasuwa, galibi a wurin ajiya ake barbaɗa shi don ƙwaron da ke huda wake a buhu, sabon irin kuwa tsutsar gona yake kashewa, ba ya hana ƙwaron rumbu, ba ya hana darɓa da sauran masu tsotson kwanso, shi ya sa ma feshi biyun nan ya rage. Maganin ƙwaron ajiya shi ne buhun nan mai ciki uku da ke hana iska shiga. Ita ma masarar TELA iri ne mai aure, wanda dillalai ke kira haibirid, kuma duk iri mai aure, sarrafaffe ne ko ba sarrafaffe ba, idan ka ɗebi iri daga abin da ka girbe ka sake shukawa sai yabanya ta ragu, dole ka koma wa mai sayarwa kowace shekara, kuma ba ya ba da abin da ake faɗa sai ya ƙoshi da taki. To nawa ne kuɗin irin, nawa ne na takin, nawa buhu zai yi a Ɗandume ranar da aka kai shi? Manoman masara sun ɗanɗana wannan lissafi bayan da gwamnati ta buɗe ƙofar shigo da hatsi ba haraji a 2024, farashin masara ya faɗi, na taki bai bi shi ba.

Daga nan suka zo ga abin da ya fi taɓa zuciyar duk ɗan wannan yanki. Suka ce akasarin rahotannin da ake gani a kan wannan fasaha da Turanci suke, a jaridun Abuja da Legas, an ɗauko su daga gonar gwaji ko daga taron da aka kai wakilai a mota aka dawo da su. Wane ne ya zo Sabuwa ya tambayi manomi yadda irin ya yi a gonarsa? Wannan yanki fa shi ne ƙasar da a ranar 11 ga Disamba 2020 aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. Ƙasar da a 2021 aka katse mata layukan waya wata da watanni, aka rufe kasuwanninta. Ƙasar da a ƙauyuka da dama manomi sai ya biya 'yan bindiga kafin ya shuka, ya sake biya kafin ya girbe, manyan gonakin da ke kusa da daji kuwa an bar su sun koma saura. Mutumin da ke cikin wannan hali, idan aka ce masa matsalar nomansa ita ce ƙin karɓar kimiyya, an zalunce shi. Gasar da ke karkatar da ƙwararrun wakilai zuwa ga tambaya guda, in ji su, tana janye su daga tambayoyin da suka fi ta gaggawa.

Amsar magoya baya a nan gajeriya ce, amma tana da ƙarfi. Suka ce wanda zuwa gona ya zame masa kasada da rai, shi ya fi kowa bukatar irin da zai rage masa yawan zuwa feshi. Suka ce wake ba kamar masara mai aure ba ne, shi kansa yake yi wa barbara, don haka manomi na iya ajiye irinsa ya sake shukawa, kuma an ba da ƙwayar halittar ba tare da kuɗin mallaka ba. Suka kuma ce baƙon iri ba sabon abu ba ne a wannan ƙasa: audugar da ta gina Funtuwa da Malumfashi, wadda aka yi ta yaɗa irinta daga gonar Daudawa tun zamanin Turawa, asalinta daga Amurka aka kawo ta, masarar da yau ta zama abincin kowa kuwa, shirin raya aikin gona na Funtuwa da Bankin Duniya ya tallafa tun 1975 shi ya yaɗa ingantaccen irinta da takin zamani a gundumomin Funtuwa da Bakori da Malumfashi da Ƙanƙara da Faskari, kafin nan dawa da gero ne a gaba. A wancan lokaci malaman gona da rediyo ne suka kai saƙon. Yau malaman gona sun yi ƙaranci, baƙuwar tsutsar da ta ɓulla a 2016 tana cin zuciyar masara, sai a bar manomi ba mai yi masa bayani?

To, idan muka tace waɗannan maganganu da insafi, abu na farko da ya kamata a raba shi ne hukuncin irin da hukuncin gasar, domin mutane da yawa suna haɗa su, wanda ya yarda da irin sai ya ga dole ya kare gasar, wanda ya ƙi irin sai ya ga duk wanda ya ci kyautar maci amana ne. Ana iya samun iri mai amfani da gasa mai illa, ana kuma iya samun akasin haka. A kan lafiyar abincin, hujjar magoya baya ta fi rinjaye a wurina, kuma masu yaɗa zancen hana haihuwa ba su kawo burhani ba. Ko da Majalisar Wakilai ta nemi a dakata a yi bincike a watan Mayu na 2024, neman bincike ba shi ne tabbatar cutarwa ba. Amma a kan riba da asara, da tsawon lokacin da irin zai ci gaba da kashe tsutsa, da wanda zai riƙe ragamar iri nan gaba, tambayoyin masu suka suna nan a tsaye, kuma su ne tambayoyin da manomi zai yi da kansa da an ba shi dama.

Misalin gasar 1933 yana da daɗin ji, sai dai bai zauna daidai ba, domin East labari ya nema, ba shi da wata haja a kasuwa da labaran za su shaida ingancinta. Haka kuma cewa masu adawa su ma ana tallafa musu gaskiya ne, amma abin da yake tabbatarwa shi ne mai sauraro ya shiga tsakanin masu kira biyu, kowanne da mai ɗaukar nauyinsa, wannan kuwa ƙarin dalili ne na neman na ukun da ba ya cin abincin kowa. A ɗaya ɓangaren, masu suka sun yi tsanani da suka mai da kowace kyauta rashawa. Na yarda da magoya baya cewa ji'ala ce, karɓarta halal ne ga wanda ya yi aikinsa da gaskiya, kuma ilimin da wakili ya samu ba ya komawa ga wanda ya biya kuɗin bitar. Sai dai halaccin karɓar lada abu ne daban, karɓuwar shaida abu ne daban. Malaman hadisi sun kasance suna karɓar mutum a matsayin mai gaskiya, amma su yi taka-tsantsan da ruwayarsa idan ta zo tana ƙarfafa ɓangaren da yake kira zuwa gare shi, kuma wannan mizani ne da ya dace da lambar yabon da muke magana a kai: tana shaida cewa mutum ya iya bayani, ba ta isa ta shaida cewa ya faɗi duka ba.

Akwai hanyar da za a bi a san wane ɓangare ne ya fi kusa da gaskiya, kuma tana hannun masu shirya gasar. Su ke da jerin ayyukan da suka ci tun 2017. Su fito da su fili a karanta, a ga nawa ne a cikinsu suka ba mai adawa dama ya yi magana da cikakkiyar hujjarsa, nawa suka bi manomi har shekara ta biyu da ta uku bayan an kashe kyamara, nawa aka yi da Hausa ko wani harshen manoma, kuma ko akwai wanda ya ba da labarin inda irin ya gaza aka kuma ba shi lamba. Idan an sami irin waɗannan, to zargin toshiyar baki ya raunana ƙwarai, kuma wajibi ne masu suka su sassauta. Idan ba a samu ba, to sunan da ya dace da abin shi ne kyautar wayar da kai a kan fasahar, a daina kiransa kyautar aikin jarida. Nijeriya ba ta rasa abin koyi ba, domin tun 2005 ake ba da lambar Wole Soyinka ta binciken ƙwaƙwaf, wadda darajarta ta samo asali daga kasancewar masu ba da ita ba su ne ake bincika ba. Babu abin da zai hana masu tallafa wa OFAB su zuba kuɗin a hannun wata majalisa mai zaman kanta, ta malaman jami'a da ƙungiyar 'yan jarida da wakilan manoma, su janye daga zaɓen alƙalai, su kuma ware rukuni na musamman ga shirye-shiryen rediyo na harsunan gida.

Ko amfanin gasar a yadda take yanzu ya rinjayi illarta, wannan na bar wa mai karatu, domin ya danganta ga abin da ya fi tsoro, jita-jitar da ke hana manomi abin da zai amfane shi, ko kuwa yabon da ke ɓoye masa abin da zai cuce shi, kuma duka biyun sun taɓa faruwa a ƙasar nan. Abin da nake roƙo shi ne, wakilin da ya ci wannan kyauta ya riƙa bayyana haka a duk lokacin da zai yi rahoto a kan sabon iri, gidajen rediyon Katsina da Kaduna kuma su tura wakilansu Sheme da Ɗandume da Ƙanƙara da kaka, da kuɗin gidan, su tambayi waɗanda suka shuka nawa suka kashe, nawa suka samu. Kai kuma manomi, idan ka ji ana yabon iri ko ana kushe shi, ka tambayi wanda ya ɗauki nauyin mai maganar, sa'an nan ka gwada irin a 'yan kunyoyi kusa da wanda ka saba, ka auna abin da kowanne ya ba ka kafin ka ba shi gonarka duka.